Roseus da Lilacinus

Sai da aka kwana biyu da aurensu sannan matar Dakta ta gane mijinta ba ya raba ja da kore. Ta roƙe shi ne ya biya kasuwa ya sayo mata tumatir a hanyarsa ta dawowa daga aiki. Ya shigo da leda cike da ɗanye shar, yana yabon kansa wai ya tsaya ya zaɓo masu ƙwari. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna a kicin, ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: haka aka haife shi. Ja da kore da ruwan ƙasa duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya a idonsa, ruwan hoda kuwa toka-toka yake ganinsa.

Da akawu ne, da babu wanda zai damu. To amma Dakta masanin tsirrai ne. Wurin aikinsa wani dogon ɗaki ne cike da kabad-kabad na ƙarfe, inda ake danne tsiro tsakanin takardu har ya bushe, a manna shi, a ajiye. Ɗakin kullum warin maganin ƙwari yake yi. Aikinsa shi ne ya siffanta kowane tsiro a rubuce da Latin, kamar yadda malamansa suka koya masa. Wajen siffar ganye, gashin kara da jerin jijiyoyi babu mai kama ƙafarsa. Launi ne matsalar. Fure in ya bushe launinsa mutuwa yake yi, dole a rubuta shi tun yana ɗanye.

Daga ranar tumatir ɗin ya fara zuwa gida da furanni a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida. Sai ya baza su a teburin kicin kusa da taga, ya zauna da biro a hannu.

"Wannan fa?"

"Fari ne."

"Wane irin fari?"

"Fari dai, Dakta. Fari kala nawa ne?"

"A wurin masu Latin ɗin nan da yawa. In fari ne kawai, albus. In kamar madara ne, lacteus. In kamar alli ne, cretaceus. In kuma ya ɗan yi rawaya kamar hauren giwa, eburneus."

Ta juya furen a hasken taga. "Mutane sun mutu tun tuni, sun bar na raye da wahala. To madara ce. Madarar da aka ɗan tsarma wa ruwa."

Ya rubuta yana murmushi.

A hankali kalmomin suka zauna mata a baki. Ta daina cewa ja kamar jini, sai ta ce sanguineus. Ta san flavus rawaya ce mai haske, luteus kuma mai nauyi kamar gwaiduwar ƙwai. Ta san glaucus shi ne koren da ya yi furfura kamar ganyen kabeji. Wani lokaci tana yanka albasa za ta waiwayo kawai ta ce, "Roseus ne, amma bakinsa ya ƙone ya koma ferrugineus," wato ruwan hoda ne da ya koma ruwan tsatsa, ta ci gaba da aikinta. Ya laƙaba mata suna Tabarau, kuma ba ya kiranta haka sai suna su biyu. Sunanta bai taɓa fitowa a takardunsa ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. Abin da take da shi ya ishe ta: duk wani launi da ke rubuce a kabad-kabad ɗin nan daga idonta ya fito, kuma daga ita sai shi suka san haka.

'Ya'yansu maza suka girma suka watse, babu wanda ya kalli tsiro sau biyu. Auta ce kaɗai mace, ita ce kuma ta gado shi. Ta karanci tsirrai a jami'a, ta fito da sakamako mai kyau, aka ɗauke ta aiki a ɗaki ɗaya da mahaifinta. Ranar da labarin ya zo, Mama, kamar yadda kowa a gidan yake kiran matar Dakta, ita ta fi kowa rawar ƙafa. Ita ta goge mata kayan da za ta sa ranar farko.

Ba ta lura da ranar da jiƙaƙƙiyar jarida ta daina zuwa ba. Wata safiya dai tana share teburin kicin ta ga babu ko ɓurɓushin ganye a kai, ta tsaya da tsumma a hannu tana ƙoƙarin tuna yaushe rabon.

Da yamma ta tambaye shi, kamar ba da wata manufa ba. "Furanni sun ƙare a duniya ne?"

"Ai na hutar da ke," ya ce yana cire takalmi. "Auta tana kusa. Ki ga abin da take da shi ma. Auta, kawo katin nan Mamanki ta gani."

Auta ta ciro shi daga jaka. Kati-kati ne masu launi iri-iri, an haɗe su da ƙusa ɗaya, suna buɗewa kamar mafici, kowanne da lambarsa. Ana kara fure a jiki har a dace da irinsa.

"Sabon tabarau ke nan na samu," in ji Dakta, ya dafa kan 'yarsa.

Mama ta ce abin ya yi kyau. Ta koma kicin ta kunna famfo, ta tsaya tana kallon ruwa yana zuba a kan kwanon da ta riga ta wanke.

Dakta da Auta tare suke fita da safe, tare suke dawowa. In motar ta tsaya a ƙofar gida ba sa fitowa nan da nan. Mama tana hango su ta labule, Auta tana magana da hannu, uban yana gyaɗa kai, wani lokaci ya kwantar da kai a sitiyari don dariya. In sun shigo ta tambayi abin dariyar, sai ɗaya ya ce, "Wani abu ne na ofis," ɗayan ya fara bayani, kafin a kai ƙarshe abin ya huce, babu sauran daɗi.

Wata rana shinkafa ta kama mata a tukunya. Auta ta leƙa gindin tukunyar ta ce, "Baba, zo ka ga fuliginosus." Dakta ya ƙyalƙyale. Sai Auta ta juyo, irin yadda sababbin masu ilimi suke yi wa kowa, ta ce, "Mama, yana nufin baƙi-baƙi kamar kunkunniya."

"Na sani."

"Au, haka ne fa."

"Tun ba a haife ki ba na sani."

Muryar ta fito da kaifi fiye da yadda ta so. Uba da 'ya suka kalli juna. Wannan kallon ya fi maganar ƙona mata rai.

Ta kai ƙara wurin yayarta, wadda take zaune a wata unguwa bayan kasuwa. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, wai yaran yanzu ba su da ta ido, wai Dakta yana shagwaɓa yarinya. Yaya tana tsintar wake tana saurare. Da ta gama sai Yaya ta ɗago.

"Ke dai faɗi gaskiya. Kishi kike yi da 'yar cikinki."

"Haba Yaya. Wane irin kishi?"

"Irin wanda ya sa ki shiga mota tun daga gidanki da rana tsaka. Wasu suna kuka miji ya fita waje, ke naki yana gida da 'yarsa kina ƙorafi. Ki gode wa Allah ki kama girmanki."

Mama ta yi dariyar yaƙe ta sauya zance. A hanyar komawa tana ta jujjuya kalmar a ranta. Ta ƙi ta, ta sake ƙin ta, amma ta rasa wata da za ta sa a madadinta.

Ana nan sai Dakta da Auta suka yi tafiyar aiki zuwa wasu duwatsu, suka dawo da wani ɗan tsiro a tukunyar roba. Ganyensa ƙanana ne masu gashi, ba shi da wani kyan gani. Amma Dakta ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ce ya bincika ko'ina bai ga an taɓa siffanta shi ba, kuma in haka ne, sunansa da na Auta za su fito tare a takarda ɗaya. Saura kawai su ga furensa. Saboda mai ban ruwa na ofis ba shi da tabbas, aka ajiye tukunyar a barandar gida. Mama ce take ba shi ruwa. Ita take janye shi in rana ta yi zafi, ita take kore kyanwar maƙwabta.

Ran wata Asabar da safe ta fito da buta ta tarar ya buɗe. Furanni ne 'yan ƙanana, sun yi cincirindo a kan reshe ɗaya. Kallo ɗaya ta yi musu ta san sunan launin. Roseus ne tsantsa, ruwan hoda mai tsabta, babu gauraye. Ta ji wani daɗi ya taso mata irin na da. Ta ajiye butar ta leƙa falo.

"Dakta, abinku ya buɗe."

Ya fito da gudu ba takalmi, ya durƙusa gaban tukunyar. Ko kallonta bai yi ba ya ɗaga murya. "Auta, kawo kati da biro."

Auta ta zo ta durƙusa gefensa, ta buɗe katin tana karawa ɗaya bayan ɗaya. Mama tana tsaye a bayansu, kawunansu biyu sun tare mata furen da ta raina.

"Roseus ne, Baba."

Ya ɗora biro a takarda. Sai kuma ya tsaya, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a mota, ya waiwayo.

"Tabarau, ke fa me kika gani?"

A gaban yarinyar ya faɗi sunan. Kuma ta ji yadda ya yi tambayar, irin yadda ake yi wa baƙo tayin abinci bayan an kusa sharce kwano.

Ta matso ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

"Lilacinus ne," ta ce.

Auta ta ɗago. "Mama, lilacinus ai sai ya ɗan sha shuɗi. Dubi katin."

"Kati takarda ne. Akwai shuɗi a ƙarƙashinsa, ke ce ba ki gani ba."

"Wallahi ni ban ga shuɗi ba."

"To ai shi na ce."

Dakta ya kalli furen, wanda a idonsa toka ce kawai. Ya kalli 'yarsa, ya kalli matarsa. Sannan ya sunkuya ya rubuta.

"Mamanki ba ta taɓa yi min kuskure ba," ya ce a hankali. "Ki koya a wurinta."

Auta ta naɗe katinta. Mama ta ɗauki buta ta shige ciki. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne daɗin da ta ji. Ranar har waƙa ta yi tana girki. Kafin la'asar furannin suka zube.

A kwanakin da suka biyo baya Dakta ya dawo da tsohuwar al'ada. Ya zo da jiƙaƙƙiyar jarida, ya baza a tebur, ta faɗa masa launuka, gaskiya kuma ta faɗa. Amma duk lokacin da ya rubuta ba tare da ya yi gardama ba sai ta kawar da kai.

Auta kuwa ta yi sanyi. Wata yamma ta sami Mama a kicin, ta tsaya jikin ƙofa tana wasa da gefen mayafinta.

"Mama, ki koya min yadda kike gano shuɗin nan. Na duba hoton da na ɗauka har idona ya yi ciwo. Ina tsoron ko ni ma na gado idon Baba ne."

Mama ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juya miya.

"Idonki lafiya lau. Abu ne na shekaru."

"To," in ji Auta, ta fita.

Da tsiron ya sake yin toho suka mayar da shi ofis, don shugaban sashensu ya gan shi da fure kafin a aika da takardar. Ranar taron sashen, Dakta ya dawo gida shi kaɗai, tun rana ba ta yi sanyi ba. Mama tana ninke wanki a falo. Ya zauna bai cire takalmi ba.

"Ina Auta?"

"Ta ce za ta hau bas."

Ya ba ta labari yana kallon ƙasa. An ajiye tukunyar a tsakiyar tebur, furanni sun buɗe. Shugaba ya karanta takardar har ya zo kan launi, ya cire gilashinsa ya kalli furen, ya tambayi wa ya rubuta lilacinus. Kowa a ɗakin ya ga ruwan hoda ne. Kafin Dakta ya buɗe baki Auta ta ce ita ce. Shugaba ya wanke ta tas a gaban ƙananan ma'aikata, ya ce wanda bai iya raba roseus da lilacinus ba bai kai a sa sunansa a takarda ba, ko 'yar waye.

"Ni kuma ina zaune," in ji Dakta. "Ban ce uffan ba. In na yi magana sai an tambaye ni ni me na gani."

Mama ta ninke rigar da ke hannunta, ta warware, ta sake ninkewa.

"Kowa yana kuskure," ya ce. "Wataƙila hasken baranda ne ya yaudare ki. Ko kuma idon ne ya fara gajiya, mu je a duba miki."

Ya buɗe mata ƙofar kuɓuta, ta gani sarai. Da ta ce haske ne, da maganar ta mutu a nan. Amma zancen a duba mata ido ya soke ta a wani wuri da ba ta zata ba.

"Idona bai gaji ba."

Ya ɗago.

"Roseus na gani," ta ce. "Tun kafin ku fito na gani."

Ya daɗe yana kallonta. Bai yi faɗa ba, bai tambayi dalili ba. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Kin san ba ni da hanyar da zan gane. Duk abin da kika taɓa gaya min, haka na rubuta shi."

"Sauran duk gaskiya ne."

"Na yarda," ya ce. Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Auta ta shigo gab da magariba, ta gaishe ta kamar kullum, ta wuce ɗakinta. Mama ta bi ta. Ta same ta zaune a bakin gado da jaka a cinya. Ba ta taɓa jin nauyin shiga ɗakin 'yarta ba sai ranar.

"Babanki ya gaya min."

"Ba komai, Mama."

"Da komai. Ba kuskure na yi ba."

"Na sani. Da na ga furen yau a tebur na sani." Auta ta share ido da bayan hannu. "Abin da na kasa ganewa shi ne me na yi miki."

Mama ta zauna a ɗaya gefen gadon.

"Ba ki yi min komai ba. Ya daina tambayata ne."

"To ai shi za ki gaya wa, Mama. Ba ni ba."

"Ki yafe min."

Auta ta gyaɗa kai. Ba ta matso ba, Mama ma ba ta miƙa hannu ba.

Washegari Dakta ya shiga ofishin shugaba ya faɗi gaskiyar idonsa. Ya ce shi ya rubuta kalmar, Auta roseus ta ce tun farko. Bai ambaci matarsa ba. Da ya dawo ya ba da labari a wurin cin abinci, yana yi yana girgiza kai. Wai shugaba dariya ya yi, ya ce ai duk tsofaffin ma'aikata sun daɗe da sani, tunda shekara da shekaru yana yi wa ɗalibai gyara da koren biro yana ce musu su duba inda ya ja da ja. Sun yi shiru ne kawai saboda launukan da yake kawowa ba su taɓa kuskurewa ba, suka ɗauka yana da dabararsa. Shugaba ya kira Auta ya ba ta haƙuri, aka gyara kalmar, takarda ta tafi da sunayensu biyu.

Mama ta saurara har ƙarshe. Sirrin da ta riƙe kamar ƙwai tun tana amarya, ashe har masinja ya san rabinsa.

Bayan haka Auta ta nemi a mayar da ita sashen adana iri, a bene na sama, aka kuma amince. Ta ce ta fi son aikin can. Babu wanda ya yi mata gardama. Dakta kuwa kamar an sauke masa dutse daga ka. Tunda babu sauran abin ɓoyewa, sai ya ɗauki fure ya fita barandar ofis ya tare duk wanda ya gani, sakatariya ko masinja ko ɗalibi mai wucewa, ya tambaye shi. Yana tambayar mutum biyu ko uku, ya ce a kara da kati, sannan ya rubuta. A gida bai sauya wa Mama fuska ba. Yana yaba girkinta, yana tambayar ciwon gwiwarta. Launi ne kawai bai ƙara tambayarta ba.

Wata yamma bayan an ci abinci wayarsa ta yi ƙara. Wani sabon ma'aikaci ne, Dakta ya ce yaron yana da ido kamar shaho. Ya fita baranda da wayar, suna jiyo shi daga kicin yana dariya, yana maimaita wata kalma, croceus, croceus, wato rawaya mai ja-ja, yana cewa lallai haka ne, madalla.

Mama tana wanke kwanuka, Auta tana ɗaurayewa. Auta ta tsaya da faranti a hannu tana saurare, bakinta a ɗan taɓe.

"Kin ji shi ko? Wannan yaron ko shekara bai yi da zuwa ba. Ni ma yanzu ko a mota ba ya tambayata."

Mama ta kalle ta ta gefen ido. Ta san wannan taɓe bakin, ta san daga inda ya fito.

"Croceus ɗin ma ban yarda da shi ba," in ji Auta. "Na ga furen ɗazu."

"Yaya yake?"

"Kamar gwaiduwar ƙwai."

"To luteus ne," Mama ta ce, ta miƙa mata wani farantin. "Ɗauraye wannan da kyau, akwai maiƙo a bayansa."